Kwandon Bakin Gaɓa

Kafin in tada inji
aikina karanta bayan kwalba.
Rubutu mitsi-mitsi kamar ƙwan kiyashi,
ina bin sa da farce
har in iske sunan nan mai nauyin baki,
oksibenzon,
in ce: a yi haƙuri, wannan ba ya shiga ruwanmu.
In jefa a kwando.

Shekara huɗu ina haka a Koror.
Wasu dariya, wasu tsaki,
wani Bajamushe har rasit ya nema.

Ran Talata sai ga Glenys,
tsohuwa daga Tasmaniya,
hula faffaɗa kamar faifai,
ta rungume tata kwalbar da hannu biyu.
Na miƙa hannu, ta hana.
Sai ta janye wuyan riga:
tabo tun daga kafaɗa har allon baya.
Ɗinki goma sha bakwai, ta ce,
rana ce ta ci nan.
Mijina kuwa a kunne ta fara masa,
ɗigo ɗaya, bai kai ƙwayar riɗi ba,
wata tara muka kai shi makwanci.

Ni Dilmei, 'yar masunci,
da rana ta san bayana tun ina goye
ba ta taɓa yi mini komai ba sai duhu,
me zan ce da ita?

Na san abin nan ba mugu ba ne a jikinta.
Hasken da ido ba ya gani
shi yake tarewa, ya shanye,
ya mai da shi ɗan ɗumi ya sake.
Garkuwa ce.
Sai dai garkuwa mai narkewa,
ta bar fata ta bi ruwa,
ta sauka kan waɗanda ba su roƙa ba.

Na ce mata: leƙa ƙarƙashin jirgin.
Murjanin can ba dutse ba ne.
Yana da baki, yana ci,
yana haihuwa da dare bayan cikar wata,
'ya'yansa ƙanana su yi ta yawo
suna neman inda za su zauna.
Su ake ji wa tsoro.

Abin da ban faɗa mata ba:
inda babana ke kafa tarun kifi
tuni ya taɓa yin fari fat kamar ƙashi,
ba don kwalbar kowa ba.
Teku ce ta yi zazzaɓi.
Wannan kuwa ba ya shiga kwando,
ba ni da hannun da zai ƙwace shi.
Kwalba ce iyakar tsawon hannuna.

Na ciro rigar ƙanena mai dogon hannu,
tana warin fetur da gishiri.
Na buɗe gwangwanin man tutiya,
fari, mai kauri, mai taurin kai,
na shafa mata a hanci, a goshi,
a bayan kunne sau biyu
don ita ta ce.
Ta dubi fuskarta a gilashin iyo:
na zama fatalwa!
Muka yi dariya har jirgin ya yi tangaɗi.

Ta shiga ruwa a hankali, ƙafa ɗaya tukuna.
Minti arba'in ina kallon bayan rigar
yana shawagi kamar kunkuru.
Da ta fito ba ta ce komai ba,
ta zauna tana ɗiga,
leɓenta na rawa.

Kwalbar dai ban sa ta a kwando ba.
Tana akwatin sifanu, kusa da filogi.
Da yamma na miƙa mata a bakin gaɓa,
na ce: ɓoye a jaka.
Ranar garinku tana can tana jiranki,
kuma ta riga ta san sunan gidanku.